Batirin babur ɗin ruwa ya mutu: wanne zan saya, kuma yaya zan ɗaura shi ba tare da na yi ɓarna ba?

Ɗan Gaɓa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Babur ɗin ruwana Sea-Doo ne mai inji bugu huɗu, ya jima a ajiye a kan tirela ba a taɓa shi ba. Da na sa makulli allon ya kawo wuta, amma ina danna maɓallin tayarwa sai in ji "ƙas" sau ɗaya, allon ya dushe, shi ke nan. Batirin da ke ciki shi ne wanda na sayi babur ɗin da shi, a jikinsa an rubuta YTX20L-BS. Abin da nake son sani: dole sai irinsa zan saya? Ina da wani ƙaramin batirin mota a ajiye, zai yi? Ko in ja wuta daga mota kawai in tayar da shi, ya yi caji da kansa a kan ruwa?

Sarkin Gudu:
Wa alaikumus salam. Abokina kada ka wahalar da kanka. Kawo mota kusa, ka haɗa wayoyi, ya tashi, ka yi ta zagaye a ruwa na ɗan lokaci. Batirin zai dawo hayyacinsa.

Hajiya Mai Haya:
A'a, ƙanena, kada ka bi wannan shawarar. Ni baburan nan haya nake bayarwa, kuma ba na barin ko ɗaya ya sauka ruwa da batirin da sai an ja masa wuta. Ka yi tunani: babur ɗin ƙasa idan batir ya ƙi, ka buga kik da ƙafa ko a tura ka. Mota ma mai giya a tura ta. Wannan fa ba shi da abin bugawa, ba shi da igiyar ja, ba a kuma tura shi. Ka kashe shi a tsakiyar ruwa don ka huta, ko ka faɗo igiyar makullin ta fizge, ka hau ka danna ka ji "ƙas". Daga nan iska ce za ta yanke maka inda za ka je. Kuma koyil ɗin caji da ke cikin injin nan ba irin altanetar mota ba ne. Aikinsa ya riƙe batiri mai lafiya, ba ya tayar da matacce ba.

Tsohon Rewaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma ɗana, kafin ka cire ko sisi, kana da mitar auna wuta? Domin "ƙas" ɗin da ka ji solanoyid ne ya buga, wato makunnin da ke tura wuta zuwa kik, na'urar da ke juya inji ya tashi, kuma abubuwa da dama suna sa ya buga injin bai juya ba. Mataccen batir na ciki, kan batir da ya saki na ciki, waya da ta ruɓe daga ciki na ciki, kik da ya ci tsatsa na ciki. Na sha ganin mutum ya sayi sabon batir ya ɗaura, "ƙas" ɗin na nan yadda take.

Awo uku za ka yi. Na farko, batir yana zaune ba abin da ke jan wuta: mai lafiya da ya cika zai nuna 12.6V zuwa 12.8V. Idan ka ga 12.4V ya fara sauka, idan ya yi ƙasa da 12V a kwance yake. Na biyu, ka bar mitar a kan batirin wani ya danna maɓallin tayarwa, ka ga inda lambar za ta faɗo. Kada ta sauka ƙasa da wajen 9.6V zuwa 10V. Na uku sai injin ya tashi, za mu zo kansa. Amma kada ka yanke wa batirin hukunci yanzu. Ciro shi, ka yi masa caji a hankali har ya cika, ka bar shi ya huce na wasu sa'o'i, sannan ka auna.

Sarkin Gudu:
Baba, ni dai na sha jan wuta daga mota ban ga abin da ya faru ba.

Injiniya:
Sarkin Gudu, Allah ne Ya tsare ka. Haɗarin iri biyu ne, kuma mutane na farkon kawai suke tunawa. Motar da injinta ke aiki tana iya aiko da wuta mai hawa da sauka lokacin da kake haɗawa da cirewa, ƙwaƙwalwar injin babur ɗin ruwa kuwa ba ta jure wannan. Tsofaffin Sea-Doo sun yi suna wajen ƙonewar wannan akwatin ta hanyar jan wuta. Wannan asarar kuɗi ce kawai.

Na biyun shi ne mai ɗaukar rai. Cikin babur ɗin nan rufaffen akwati ne, tankin fetur da inji da batir duk ɗaki ɗaya suke kwana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasan jirgin yake kwanciya. Manyan jiragen da ke da inji a ciki suna da fanka mai zuƙe wannan tururin kafin a tayar, babur ɗin ruwa ba shi da ita. To ka sa kifin wayar jan wuta a kan batir ya yi tartsatsi a wannan wurin. Shi ya sa littafin Sea-Doo ya hana yi wa batir caji ko ja masa wuta yana cikin jirgin. Ga kuma iskar haidirojin da batirin kansa ke fitarwa lokacin caji, wadda idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin tana iya kamawa.

Ɗan Gaɓa:
Na gode ƙwarai. Baba, na yi yadda ka ce. Kafin caji 11.7V ya nuna. Na yi masa caji ya kai 12.6V, da na bar shi ya kwana na same shi a 12.1V ba tare da an haɗa masa komai ba. Na mayar da shi na danna, mitar ta faɗo wajen 7V.

Tsohon Rewaya:
To wannan kam ya gama aiki. Batirin da ba ya riƙe cajinsa a zaune, kuma ya durƙushe haka da an ɗora masa kaya, ba ya tashi kuma. Abin da ya faru shi ne an bar shi a kwance ya daɗe. Idan batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantansa. In aka yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma ruwan batir. In aka bar shi watanni, sai ya daskare ya yi tauri, ya toshe farantan. Caja za ta nuna maka ya cika da wuri, amma cikarsa ta ƙarya ce, don wurin da ya rage masa na ajiye wuta kaɗan ne.

Mai Farfela:
Baba, a yi mini izini in sa baki kafin a rufe wannan babin. Mita ta faɗo 7V ba kullum laifin batir ba ne shi kaɗai. Injin nan a haɗe yake da farfela kai tsaye, babu kuloci a tsakani. Idan dutse ko guntun itace ko igiya ta maƙale a cikin famfon da farfelar ke juyawa a ciki, injin ba zai juya ba, kik zai yi ta jan wuta, ko sabon batir ne sai ya durƙusa. Haka idan ruwa ya shiga silinda. Ɗan Gaɓa, ka cire makulli, ka leƙa ta ƙarƙashi inda ruwa ke shiga da ta baya inda yake fita, da tocila. Idan kuma babur ɗin ya taɓa kifewa ko ya sha ruwa kafin a ajiye shi, ka cire fulogai ka duba. Kada ka matsa wa injin da ke da ruwa a ciki, ƙarfen fistin ne zai lanƙwashe.

Tsohon Rewaya:
Madalla da wannan, Malam. Batirin nasa dai ya mutu tunda ya zubar da caji a zaune, amma dubawar da ka ce wajibi ce kafin a ɗaura sabo.

Ɗan Gaɓa:
Na leƙa, farfela a wanke take, kuma bai taɓa kifewa ba. Saura maganar saye. Batirin motar da nake da shi fa?

Hajiya Mai Haya:
Manta da shi. Ba zai zauna a gurbin ba, robar da ke ɗaure batir ba za ta kama shi ba, kawunansa ma ba irin na wayoyinka ba ne. Kuma babur ɗin ruwa dukan igiyar ruwa yake sha, ya yi tsalle ya faɗo, wani lokaci ya kife gaba ɗaya. Batirin da ba a ɗaure tam ba zai yi ta gwaruwa a ciki har ya fashe ko ya tsinke waya. Idan mai ruwa ne kuma ya kife, asid ne zai malale a kan komai.

Injiniya:
Bari in ɗan buɗe lambar da ke jikin batirinka, don a nan mutane ke yin sayen da suke nadama. YTX20L-BS batiri ne 12V mai 18Ah (yawan wutar da yake iya ajiyewa ke nan), ƙarfin tayarwarsa wajen 270 CCA. Tsawonsa milimita 175, faɗi 87, tsayi 155. Harafin L yana nuna ɓangaren da kawunan suke: idan ka fuskanci batirin kawunan na wajenka, mai alamar ragi yana hagu, mai alamar tarawa yana dama. Akwai YTX20-BS wanda ba shi da L, girmansu ɗaya sak, amma kawunansa a juye suke. Wayoyin babur ɗin ruwa gajeru ne, an yanke su daidai wurinsu. Ka sayi marar L, ko dai wayar ta ƙi kaiwa, ko kuma, wanda ya fi muni, ka haɗa a juye ba ka lura ba. BS kuwa yana nufin ruwansa a gora daban yake zuwa, kai za ka zuba. Idan ka ga YTX20HL-BS, shi ma zai shiga gurbin, ƙarfin tayarwarsa ya ɗan ɗara, wajen 310 CCA.

Masu tsofaffin Yamaha WaveRunner da tsofaffin Sea-Doo masu bugu biyu, da yawansu YB16CL-B ne nasu, mai ruwa, wanda ya fi wannan faɗi da tsayi. Kowa ya duba littafin babur ɗinsa, kada a ɗauki lambar wani.

Baƙon Zaure:
Ranku ya daɗe, ni sabo ne a nan. Nawa mai ruwa ne, irin YB16CL-B ɗin da Injiniya ya ambata. Akwai wani siririn tiyo a gefensa, da zan ɗaura na ga kamar ba shi da amfani. Dole ne a mayar da shi?

Tsohon Rewaya:
Dole ne, ɗana, kuma ka je ka mayar yau. Ta wannan tiyon batirin ke numfashi. Yana ɗauke iskar caji da ɗigon asid ya kai su wajen jirgin. In babu shi, cikin akwatin injin suke zuba. Ka tabbata bai lanƙwashe ba, bai toshe ba. Sabon batir mai ruwa yana zuwa da 'yar hular roba a bakin wannan hancin, sai an cire ta kafin a sa tiyo. Wanda ya bar ta, batirin zai kumbura. Ni dai ra'ayina, duk wanda batirinsa mai ruwa ya mutu, ya nemi rufaffe irin AGM mai girman gurbinsa ya huta. A cikin AGM ruwan batir a jiƙe yake cikin wani auduga na gilas tsakanin farantai, ko ya kife ba ya zuba, kuma ya fi jure girgiza.

Sarkin Gudu:
Baba, duk wannan zancen dalma tsohon yayi ne. Ɗan Gaɓa, sayi litiyum. Na dalman nan kilo 6 ne, litiyum mai ƙarfinsa bai wuce kilo 2 ba. Ka ajiye shi watanni ka dawo ka same shi da cajinsa, kuma yana juya inji da kuzari. Ni shi nake amfani da shi.

Hajiya Mai Haya:
Kilo 4 a babur ɗin da ya haura kilo 300, ga mai tuƙi ga fetur cike da tanki, wa zai ji bambancin? In tsere kake yi, na yarda. Amma ni abin da ke damuna da litiyum shi ne yadda yake mutuwa. Na dalma yana yi maka gargaɗi, ka ji kik ya fara nauyi, ka san lokaci ya yi. Litiyum yana aiki lafiya lau, sai na'urar kariyar da ke cikinsa ta yanke wuta baki ɗaya, ko allo ba zai kawo ba.

Injiniya:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa. Litiyum irin LiFePO4 abu ne mai kyau in an cika sharuɗɗansa. Ya kasance yana da na'urar kariya a ciki, ya kasance an rufe shi yadda ruwa ba zai shiga ba, kuma a nema masa cajarsa. Cajar batirin dalma mai tsarin fasa wancan gishirin da Baba ya ambata tana harba wuta mai yawa, tana iya lalata litiyum. Awonsa ma daban ne: a zaune wajen 13.2V zuwa 13.3V yake nunawa, don haka in ka ga 12.6V a litiyum kada ka ce ya cika, ya kusa ƙarewa ne. Ba a kuma yi masa caji cikin sanyin da ya kai na ƙanƙara. Sannan tsofaffin babura masu bugu biyu, rektifayarsu, wato na'urar da ke tace wutar caji kafin ta shiga batir, ba ta daidaita wuta sosai, ban ba da shawarar a sa musu ba. Ga mai tambayar nan da wannan ne karonsa na farko, AGM mai lambar da kamfani ya sa shi ne hanya mafi sauƙi.

Sarkin Gudu:
Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Wanda ke barin babur a ajiye rabin shekara, litiyum ya fi masa.

Tsohon Rewaya:
In ya cire masa waya, eh. In ya bar shi a haɗe wani abu na tsotsar wuta, litiyum ma zai faɗi, kuma tunda ainihin abin da yake ɗauka yawanci bai kai na dalma ba, ya fi saurin faɗuwa.

Ɗan Gaɓa:
Na sayo YTX20L-BS. Ga batirin a bushe, ga gorar ruwa mai baki shida a haɗe. Mai shagon ya ce in zuba in ɗaura kawai, wai a cike yake zuwa.

Tsohon Rewaya:
Kul! A nan ake kashe rabin ran batir tun ranar farko. Saurara da kyau. Ajiye shi a wuri mai shan iska, a kan daidai, ka sa safar hannu da tabarau. Ɓare ledar azurfar da ta rufe ramukan. Cire baƙin murfin da ke kan gorar ka ajiye shi kusa, shi ne zai zama murfin batirin. Kada ka huda bakin gorar da kanka. Kifa ta a kan ramukan shida ka danna da ƙarfi sau ɗaya, za ka ga kumfa tana tashi a kowane ɗaki. In wani ɗakin ya tsaya, ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Kada ka matse gorar don ta yi sauri. Bayan ta tsiyaye tas, ka bar batirin a buɗe aƙalla minti 30, awa ɗaya ta fi, don audugar ta sha ruwan. Za ka ji ya ɗan yi ɗumi, ba komai. Sannan ka yi masa cajin farko. A jikinsa za ka ga an rubuta 1.8A na awa 5 zuwa 10, wato kashi ɗaya cikin goma na 18Ah. Kada ka kai shi wurin babbar cajar mota ta dafa shi. Murfin kuma idan ka danna shi ya zauna, an gama, ba a sake buɗe shi har abada, ba a kuma ƙara masa ruwa.

Gaskiya ne zai iya tayar da inji ba tare da cajin farko ba, shi ya sa masu shago ke faɗin haka. Amma bai cika ba, kuma wanda ya fara aiki bai cika ba, ba ya daɗewa kamar ɗan'uwansa.

Ɗan Gaɓa:
An yi haka, Baba. Ya huce, yana nuna 12.8V. Yanzu ɗaurawa. Na san a mota baƙar waya ake fara cirewa, ita ake kuma mayarwa a ƙarshe. Amma wani ya ce mini a nan ba ruwan wannan doka, tunda jikin babur ɗin ba ƙarfe ba ne.

Sarkin Gudu:
Ai gaskiya ya faɗa. A mota ana tsoron sifana ta taɓa bodi ne. Nan bodin faiba ne, me za ta taɓa?

Injiniya:
Za ta taɓa inji, za ta taɓa bututun hayaƙi, za ta taɓa duk wani ƙarfe da ke ɗaure a jikin inji, kuma dukkansu baƙar waya ce ke haɗe da su. Wurin ƙunci ne, hannu ɗaya ke shiga, ba ka ma ganin ƙarshen sifanar da kyau. Muddin baƙar tana haɗe, sifana a kan jar waya ta goga ɗaya daga cikinsu, wuta ce za ta tashi, a wurin da muka ce tururin fetur na kwanciya. Idan ka fara cire baƙar, ko sifanar ta taɓa inji ba abin da zai faru. Dokar na nan daram: wajen cirewa baƙa sannan ja, wajen mayarwa ja sannan baƙa. Kafin komai ka cire makulli, ka ɗage kujera, ka bar wurin ya sha iska, ka sa hanci ka shinshina. In ka ji warin fetur, ajiye maganar batir ka nemo inda yake yoyo. Zobe da agogon ƙarfe ma a cire su.

Hajiya Mai Haya:
Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka kwance, don wani lokaci akwai ƙananan wayoyi da aka haɗa a kan batirin ban da manyan biyu, kamar ta famfon kwashe ruwa ko ta rediyo. Sannan ga abin da zai ba ka haushi: 'yar macen notin nan mai kusurwa huɗu da ke zama a cikin ramin kan batir. Kana ɗora waya ka zura notin daga sama, sai ka ga bai kamo ta ba, ta kwanta a ƙasan ramin. Ka karkata batirin kuma ta zame ta faɗa ƙasan jirgi, ƙarƙashin inji, inda hannu ba ya kaiwa. Yaran da ke mini aiki guntun tiyon roba suke yankawa, su cusa a ƙarƙashinta tun batirin yana waje. Sai ya tokare ta sama, zaren notin ya kama nan take. Ka bar robar a wurin, ba ta hana komai.

Tsohon Rewaya:
Hajiya kin san aiki. Ƙari a kai: kan notin yana da tsagar sukudireba, amma kada ka tsaya a kanta. Sukudireba ba ta ɗaure shi yadda zai jure dukan ruwa. Ka ƙarasa da sifana, galibi lamba 10 ce. Ka ɗaure har in ka kama wayar ka murɗa ba ta motsi, amma kada ka yi ta ja har dalmar ta tsage. Sakakken kan batir shi ke kawo da yawa daga cikin cututtukan da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar inji: allo ya riƙa ɗaukewa, injin ya riƙa tsinkewa a kan gudu, gargaɗi ya riƙa fitowa ba dalili. Baburan zamani ma sun fi jin wannan, domin birki da ribas ɗinsu, irin iBR na Sea-Doo da RiDE na Yamaha, da lantarki suke aiki.

Baƙon Zaure:
Giris fa, kafin a ɗaure ake shafawa ko bayan an ɗaure? Na ji baki biyu.

Tsohon Rewaya:
Ni ga yadda nake yi: in goge kan batir da bakin waya da burushin ƙarfe har su yi ƙyalli, in ɗaure su ƙarfe kan ƙarfe, sannan in lulluɓe da giris ta waje don kada danshi ya shiga. In ka tarar da farin gari ko kore a wurin, bekin soda da ruwa ke cinye shi, ka wanke gurbin batirin ma da shi ka busar. Ka mayar da jar hular roba a kan jar waya, ka ja robar ɗauri ta kama. In robar ta tsattsage, canza ta.

Injiniya:
Wasu suna shafa ɗan siriri tun kafin ɗauri, matsin notin yana ture shi daga inda ƙarafan suka haɗu. Duka biyun suna aiki in an ɗaure da kyau. Wanda ba ya aiki shi ne a shafa giris a kan datti.

Ɗan Gaɓa:
Alhamdulillahi, ya tashi bugu ɗaya! Na kashe shi nan da nan tunda a kan tirela yake. Baba, saura awo na uku da ka ce.

Mai Farfela:
Da kyau da ka kashe. A bushe 'yan daƙiƙu kawai ake barinsa. Don awon nan ka haɗa masa tiyon ruwa, kuma ka kiyaye jerin: ka tayar da inji tukuna sannan ka buɗe ruwa, in za ka gama ka rufe ruwa tukuna sannan ka kashe inji. In ka juya jerin, ruwa zai bi ta bututun hayaƙi ya cika silinda. Ko da tiyon ma kada ka daɗe, don abin da ke toshe ruwa a jikin sandar farfelar Sea-Doo ruwan tafki ne ke sanyaya shi, tiyo ba ya kai masa. Minti ɗaya ya ishe ka karanta mita.

Tsohon Rewaya:
Mita a kan batir, ka ɗan ƙara wa injin wuta. Abin da muke so tsakanin 13.5V da 14.5V. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, ba ya caji, sabon batirinka zai bi sawun tsohon. In ya haura 15V, rektifaya ta lalace tana dafa batir.

Ɗan Gaɓa:
Baba, 12.9V yake kaiwa, wani lokaci ya taɓa 13.1V ya dawo.

Tsohon Rewaya:
To ka ga amfanin awo. Kada ka yi saurin sayen rektifaya. Fara da fiyus na caji da soket ɗin rektifayar, ka duba ko ya yi baƙi ko ya narke. Sannan ka bi baƙar waya daga batir har inda aka ɗaure ta a jikin inji. Kowa kan batir yake gogewa, ba mai tunawa da wancan ƙarshen.

Ɗan Gaɓa:
Fiyus lafiya, soket lafiya. Amma da na kwance baƙar wayar daga jikin inji, bakinta ya yi kore shar, ƙarƙashinsa wani farin gari kamar toka. Na ɗan yanka robar wayar don in ga ciki, jan ƙarfen ya koma baƙi, ina lanƙwasawa silin suna karyewa. Daga waje kuwa wayar kamar sabuwa.

Hajiya Mai Haya:
Wannan babur ya sha ruwan gishiri a hannun mai shi na farko. Gishirin yana bi ta ƙarƙashin roba ya ci wayar daga ciki. Kada ka yanke ka ɗaura sabon baki a kan baƙin sili, canza wayar gaba ɗaya. Ka nemi wayar jiragen ruwa wadda aka yi wa silinta rufin kuza, mai kaurin ta da ko fiye, a matse bakin da kyau a rufe shi da robar da ke tsukewa da zafi. Jar wayar ma ka duba ta, tare suka sha.

Ɗan Gaɓa:
An canza duka biyun, an goge wurin ɗaurin a jikin inji. Yanzu 14.1V yake nunawa, kik ma ya fi kuzari. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yaya zan yi kada wannan ya mutu a ajiye?

Injiniya:
Amin. In za ka ajiye shi fiye da 'yan makonni, ka ciro batirin, ka sa shi a kan ƙaramar caja mai hankali, wadda ke tsayawa in ya cika ta kuma dawo in ya sauka. Ba irin mai turo wuta ba ƙaƙƙautawa ba, ita busar da AGM take yi. In ba ka da ita, ka auna shi duk wata, ya sauka 12.4V ka yi masa caji. Wuri mai sanyi da inuwa ya fi, domin zafi yana hanzarta zubar caji yana kuma rage ran batir. Ƙa'idar da masu batir ke bi ita ce duk ƙarin zafi na wajen digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba ransa biyu. Kada kuma ka bar igiyar makulli a maƙale a wurinta bayan ka sauka, a wasu baburan tana hana na'urorin yin barci. In kana zargin wani abu na tsotsar wuta, ka cire baƙar waya ka sa mita tsakaninta da kan batir a ma'aunin miliamfiya, ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda lambar ta faɗi a kansa.

Baƙon Zaure:
Tsohon batirin fa? Nawa yana nan a bayan gida, har ya fara tsatsafo da ruwa.

Hajiya Mai Haya:
Ɗauke shi daga nan tun yara ba su kai gare shi ba. Dalma guba ce, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa, ga asid a ciki. Kada ka fasa shi, kada ka tsiyaye ruwansa a ƙasa, kada kuma ya kusanci bakin ruwa. Sa safar hannu, ka tsayar da shi a miƙe cikin bokitin roba, ka yayyafa bekin soda a inda ya ɗiga. Yawancin masu sayar da batir suna karɓar tsoho, don ana narkar da dalmar a sake yin wani. Ka kai musu lokacin da za ka sayo AGM ɗin, ka tafi da awon gurbinka a rubuce, don rufaffen da zai maye YB16CL-B wani lokaci ya fi shi gajarta, sai an sa masa abin tokare a ƙasa kafin robar ɗauri ta kama shi.